Gishirin Darakta

A unguwar Limawa da ke Minna akwai Ndaceko uku: mai walda, mai sayar da tabarmi, da mai doki. Biyun farko sai an yi wa baƙo kwatance. Na ukun kuwa hanci ke kai mutum gidansa, domin tun daga bakin lungu ƙamshin harawa da warin barga ke tarbar mai zuwa.

Ba gadon doki ya yi ba. A wani ƙauye kusa da Bida aka haife shi, cikin dangin da ba su san komai ba sai kwalekwale da shinkafa. Da ya tasa ya zo Minna neman aikin jirgin ƙasa, aka yi ta ce masa ya dawo gobe, har guzurinsa ya ƙare. Wani ya kai shi gidan wani Alhaji mai fataucin goro da ke neman mai share masa barga. Ndaceko ya karɓi tsintsiya da niyyar riƙewa kafin goben ta zo. A nan furfura ta same shi.

Alhajin nan yana da doka guda da ba ya sassautawa. Ya taɓa rasa doki saboda an ɗebo masa ruwa a durom ɗin da aka zuba maganin feshi, tun daga nan ya ce ba abin da za a ajiye a gaban dokinsa sai mai kula da shi ya fara sawa a bakinsa. Ruwa ne, dusa ce, ƙasari ne, sai an ɗanɗana. Dokar tana da hankali a cikinta, don harshe yana gane fumfuna da tsami da kananzir kafin ido ya gani. Da tsufa ya kwantar da Alhajin, ya lura 'ya'yansa motoci ne a ransu, sai ya kira Ndaceko ya ba shi ɗan dokin da ya rage, wani bidi mai dogon wuya. Sharaɗi ɗaya ya gindaya masa, wato dokar nan. Ndaceko ya ɗauki alkawari yana hawaye, kuma shi mutum ne da in ya ce zai zo da azahar, to ko ana ruwan ƙanƙara za a gan shi.

Sunan dokin kuwa Sadisu ne ya raɗa. Sadisu Bakatsine ne mai sayar da harawa da dusa a bakin titi, don haka shi da Ndaceko Banufe abokan wasa ne, ba a gaisuwa sai da tsiya. Shi ya lura cewa dokin ba ya son fita kafin rana ta ɗaga, ba ya fara gaida kowa, kuma ba ya taɓa komai sai na ƙasa da shi ya duba ya tabbatar. A garin ma'aikata irin Minna, in ji Sadisu, mai wannan hali suna ɗaya gare shi. Haka ya zama Darakta.

Da Darakta Ndaceko ya riƙe gidansa. Ango zai hau, yaran da suka sauke Alƙur'ani za su zaga unguwa, makaranta na bikin ƙarshen shekara ana son hoto, duk shi ake kira. Shi kansa ba ya hawa. A gaba yake tafiya da ragama a hannu, yana cewa bayan da ya ɗauki ƙattin angwaye bai kamata a ƙara masa da mai shi ba. In suka dawo ya sauke sirdi, za ka ga kumfa fari fat a inda jalalar ƙarƙashin sirdin ta kwanta, in gumin ya bushe kuma ya bar zane-zanen gishiri a kwiɓi kamar an yi wasa da alli. Sai ya kankare, ya watsa masa ruwa, ya jiƙa dusa da ƙasari a daro, ya barbaɗa gishiri cikin tafin hannu da ɗan guntun kanwa. Ya ɗiba ya kai baki. Darakta ya miƙo wuya ya shinshina bakin maigidansa, sannan ya sunkuya. Safe da yamma haka suke yi, har dokin ya kai ko ruwan sama ne ya taru a bokiti ba ya sha sai ya ga an sha.

Ana nan ciwon kai ya fara damun Ndaceko, wani lokaci in ya miƙe sai ƙasa ta juya. Matarsa Aishat, wadda unguwa ke kira Maman Farida, ita ma 'yar Bida ce, mai sayar da busasshen kifi, kuma ba ta maimaita magana. Ta sa shi a keke napep ta kai shi asibitin unguwa. Nas ta naɗa masa abin awo a hannu, ta duba, ta kwance ta sake naɗawa, sannan ta tambaye shi ko da ƙafarsa ya shigo. Hawan jini ne. Aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ya yi nesa da gishiri da magi da kanwa. Ndaceko ya ji maganar kamar yadda ake jin wa'azi a motar haya. Aishat kuwa ta ji ta kamar an ba ta muƙami.

Daga ranar miyar gidan ta koma lami. Kifi na ciki, daddawa na ciki, amma Ndaceko ya ce in ya rufe ido ji yake kamar yana cin tuwo da ruwan sama. Ya yi ƙorafi, ya yi fushi, ya gwada yabon girkinta na da ko za ta tuna. Aishat ta ce ta fi son miji mai ƙorafi a kan miji mai shanyewar ɓarin jiki, ya ci ko ya bari.

Sai ƙorafin ya tsaya haka kawai, kuma a nan ne ta fara zargi. Mutumin da ke tura kwano yana tsaki ya koma cin loma kaɗan ya ce alhamdu lillahi. Ɗanɗanon abincin doki, da a da bai wuce ƙiftawar ido ba, ya koma ɗaukar lokaci kamar zaman sulhu. Buhun gishirin barga yana ta ramewa. Aka koma awo, jinin yana nan inda yake. Wata safiya ta leƙa ta tagar barga, ta ga mijinta a tsugune gaban daro yana dunƙula dusa yana kaiwa baki, Darakta na tsaye a bayansa da haƙuri irin na mai bin layi a banki.

Ta janye daga tagar. Ta bari sai da Sadisu ya kawo harawa da hantsi, maƙwabta biyu na zaune a dakali, sannan ta fito ta ce wa Sadisu daga yau ya riƙa auno dusa ta baki biyu, ya kuma zaɓo mai laushi, don ɗaya daga cikin masu cin haƙoransa sun fara girgiɗi.

Sadisu ya dubi gemun Ndaceko, ya ga ɓurɓushin dusa, ya ajiye damin harawa a hankali don ya ji daɗin dariya.

"Banufe, ashe abin ya kai nan? To ka faɗa mini in zo da ragama biyu. Kai za mu ɗaura wa sirdi ranar Asabar, Darakta ya ja ka."

Kunya ta sa Ndaceko ya yi abin da ba wanda ya nema daga gare shi. Ya miƙe a gaban mutane ya rantse da Allah gishiri ba zai ƙara taɓa harshensa ba. Ya shiga barga ya kinkimo buhun da ƙunshin kanwa ya dire a gaban matarsa. Aishat ta ce ba sai an kai haka ba, ita za ta riƙa auna na dokin, shi ya zuba kawai kada ya ɗanɗana. Ndaceko ya ce ina, alkawarin Alhaji fa? Abin da bai shiga bakinsa ba ba ya zuwa gaban Darakta.

Ya kwana biyu yana juya maganar, ga rantsuwa ga alkawari, kuma bai ga wanda zai karya ba. Daga ƙarshe ya samo mafita da ta burge shi ƙwarai. Darakta ma ai ba yaro ba ne. Shekara da shekaru daro ɗaya suke ci. In gishiri ya hau da jinin ɗaya, me zai hana ya hau da na ɗayan? Ai gata ma zai yi masa. Ya gaya wa Sadisu, Sadisu ya ce bai taɓa jin hikima irin wannan ba, a kai shi asibitin ya riƙa duba marasa lafiya. Ndaceko ya ɗauka yabo ne.

Lokacin sanyi ne, aiki kaɗan, gumi kaɗan, don haka ba abin da ya faru. Jinin Ndaceko ya sauka, nas ta yaba masa, ya dawo gida ya shafa wuyan Darakta ya ce sun yi nasara su biyun.

Sai bazara ta shigo da irin zafin Minna da ke sa kwalta ta yi laushi, duwatsu su yi ta huci har bayan magariba, ga bukukuwa a jere. Darakta ya ɓullo da sabon hali. Ya fara lasar bangon barga har ya yi masa rami. Ya koma lasar ƙasa inda mata ke zubar da ruwan wanke-wanke. In suna tafiya sai Ndaceko ya ji harshe a ƙeyarsa. A wani ɗaurin aure a Tunga, kawun amarya, wani dattijo mai sanƙo, ya cire hula don ya share zufa, Darakta ya miƙa wuya ta kan kafaɗun mutane ya lashe kan tun daga goshi har ƙeya. Dattijon ya tsaya da hula a hannu bai san wa zai kai ƙara ba. Ndaceko ya ba da haƙuri, ya bayyana wa jama'a cewa tsufa ne ya sa dokin son mutane.

Akwai wasu alamun da ba na dariya ba, kuma ya gan su, don ba makaho ba ne a kan dokinsa. Bokitin da a da ake shanyewa a tashi ɗaya yanzu rabi ake bari. Kashin ya koma ƙanana masu tauri. Fitsari ya ragu ya yi duhu. Amma ya tuna yadda shi ma ya sha wuya a farkon rabuwarsa da gishiri, sai ya riƙa lallashin dokin yana ce masa ya daure, kwaɗayi ne, zai wuce.

Ranar da abin ya fashe, biki ne a Bosso. Da ƙafa suka je, aka lafta wa Darakta kayan ado masu nauyi, aka ɗora masa ango wanda Allah ya yi wa jiki, makaɗa suka ja tawaga kan kwalta da tsakar rana, ana tafiya ana tsayawa don masu ɗaukar hoto. Kumfa ta yi ta zuba har tana ɗiga daga cikinsa. A hanyar dawowa Ndaceko ya ji wani sauti a bayansa, dum, dum, a jere. Ya waiwaya ya ga kwiɓin Darakta na zabura da kansa. Doki na shaƙuwa.

Kafin su kai Limawa sun tara 'yan rakiya, kowa da maganinsa. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta ciro zare daga zanenta ta jiƙa da yawu ta manna masa a goshi, kamar yadda ake yi wa jarirai. Wani ɗan acaba ya ce a tsorata shi, ya matsa masa oda a kunne. Da suka iso bakin titi Sadisu ya tuna cewa in aka ɗora wa mai shaƙuwa laifin da bai yi ba takan tsaya, sai ya tsaya a gaban dokin ya nuna shi da yatsa ya ce shi ne ya sace masa damin harawa ranar Laraba, kuma akwai shaidu. Darakta ko kunne bai motsa ba. A nan dariyar Sadisu ta ɗauke, ya bar rumfarsa a buɗe ya bi su.

A gida aka sauke kaya. Dokin ya tsaya a turke kansa a ƙasa, idanu sun faɗa. Ndaceko ya kawo ruwa, ya sha, ya miƙa. Darakta ya shinshina ya kau da kai. Ya sake sha da ƙara don ya kwaɗaita masa, ya sake, ya sake, har cikinsa ya fara ƙugi in ya motsa, bokiti ya yi rabi, dokin bai jiƙa leɓe ba.

Aishat ce ta ɗauki waya ta kira Patricia, ma'aikaciyar lafiyar dabbobi da ke yi wa kajinta rigakafi. Patricia ta iso a babur da jakarta, ta faɗa tun daga ƙofa cewa ita kaji da awaki da karnuka ta saba da su, rabonta da doki tun tana makaranta, amma za ta duba. Ta tsunkuli fatar wuyansa ta saki, fatar ta tsaya a tsaye kamar an kafa tanti. Ta ɗaga leɓensa ta taɓa dasashi, ya bushe yana kama yatsa. Ta kara kunne a cikinsa ta daɗe, ba motsi. Ta tambayi abin da yake ci, aka lissafa mata. Ta tambayi gishiri nawa ake sa masa a irin wannan zafi.

Ndaceko ya gyara tsayuwa ya ce ai sun daina, su biyun, tun lokacin sanyi, saboda hawan jini.

Patricia ta nemi benci ta zauna.

"Baba, wa ya auna jinin dokin?"

"Ba a auna ba, Likita. Amma daro ɗaya muke ci."

Ta rufe fuska da tafin hannu na ɗan lokaci, kafaɗunta na rawa. Da ta buɗe sai ta yi masa bayani a tsanake. Ta ce farin zanen nan da yake kankarewa kullum a jikin dokin, gishirin jikinsa ne ke fita. Doki in yana aiki a rana yakan zubar da gumi bokiti guda ko fiye kafin a je a dawo, kuma guminsa ya fi na mutum gishiri nesa ba kusa ba. Mutum in ya yi zufa ruwa ya fi fita, gishirin jininsa ya yi kauri, shi ke tayar masa da ƙishi. Doki kuwa ruwan da gishirin tare suke tafiya, sai jikinsa ya bushe amma bai ji ƙishin da zai kai shi bokiti ba. Lasar bango da kan dattijo duk nema yake. Shaƙuwar ma daga nan take, sinadaran da ke riƙe da jijiyoyi ne suka ƙare.

"Kai a inuwar ragama kake tafiya da 'yar shara," in ji ta. "Shi yana ɗauke da ango da bargo. Naka gishirin ya yi yawa, nasa ya ƙare. Ba ciwo ɗaya kuke ba."

Ta sa aka janye shi inuwar mangwaro, ta ce a yi ta kwara masa ruwa ba ƙaƙƙautawa. Maƙwabta suka fito da bokitai, aka tare ɗan garuwa da kurarsa. Ta yi masa allura a jijiya a hankali saboda shaƙuwar. Sannan ta faɗa musu gaskiyar magana: allura ba za ta maye gurbin ruwa ba, ba ta da tiyon da ake zura wa doki ta hanci, ƙarin ruwan da ke jakarta kuma na akuya ne. Dole ya sha da bakinsa. In yamma ta yi bai sha ba cikinsa zai iya ɗaurewa, daga nan kuma ba ta da alkawarin da za ta yi.

Aishat ta shiga ɗaki, aka ji ƙarar kwaɗo, ta fito da gishiri. Patricia ta tsinka ƙasari da ruwa mai yawa, ta sa gishiri kaɗan, ta juye wani garin magani daga jakarta, ta narka guntun mazarƙwaila don ƙamshi. Aka ajiye. Hancin Darakta ya buɗe, kunnuwansa suka miƙe, ya kai baki har ya kusa taɓawa. Sai ya tsaya. Ya juyo da kai yana kallon Ndaceko.

Aka yi wa Patricia bayanin dokar Alhaji. Ta ce wannan mai sauƙi ne, ta ɗiba da hannu ta kurɓa a gabansa. Dokin bai ko dube ta ba. Sadisu ya durƙusa ya kurɓa, ya buɗe baki ya huro masa iska. Darakta ya kwantar da kunnuwa baya ya nuna haƙora.

"Ko yana mutuwa ya san ba a karɓar shaidar Bakatsine," in ji Ndaceko.

Ya gwada dabara. Ya durƙusa ya kai fuska cikin bokitin, leɓe a rufe gam, ya yi ta motsa maƙogwaro, ya ɗago yana cewa kai, daɗi. Darakta ya miƙo wuya ya shinshina bakin, ya daɗe yana shinshinawa, sannan ya mayar da kansa ƙasa.

Sadisu ya ce ai rantsuwa tana da kaffara, ya sha kawai daga baya a ciyar da mabuƙata. Patricia ta ce kurɓa ɗaya ba ta kashe mai hawan jini. Ndaceko bai dubi ko ɗaya daga cikinsu ba. Matarsa yake kallo, wadda ke tsaye hannu a ƙugu. Ya koma Nufanci, ya yi ƙasa da murya, ya ce mata ba kaffarar ce ke ba shi tsoro ba. Ya san kansa. Watannin nan kullum sai ya yi mafarkin gishiri. In ya taɓa harshensa yau, gobe za ta same shi a gaban daro, kuma wannan karon ya san yadda zai toshe taga.

Aishat ta dubi dokin, wanda tun da aka kawo shi gidan ba ta taɓa matsawa kusa da shi ba. Ta dubi mijin. Ta gyara ɗaurin zane ta tako har gindin mangwaron, ta amsa da Hausa don kowa ya zama shaida.

"Baban Farida, kurɓa ka tofar. Ina tsaye a nan. Gishirin a hannuna zai zauna, yau da gobe da jibi. Kaffarar kuma ni zan dafa."

"Da gishiri za a dafa ta?" in ji Sadisu. "Don ina cikin mabuƙatan."

Ba wanda ya kula shi. Ndaceko ya yi bisimilla, ya ɗiba da tafin hannu ya kai baki. Idanunsa suka lumshe. Kumatunsa suka yi ta juyawa, dama, hagu, dama. Fuskar ta saki kamar ta wanda ya haɗu da ɗan'uwan da ya ɓata. Aka jira. Aka ƙara jira.

"Tofar," in ji Aishat.

Ya tofar, ko da yake masu lura sun ce abin da ya fito bai kai abin da ya shiga ba. Darakta ya ɗago, ya kai hanci bakin maigidansa, ya ja numfashi. Sai ya tsoma baki a bokiti, aka ji maƙogwaronsa ya fara aiki.

Patricia ba ta bar shi ya shanye a tashi ɗaya ba. Kaɗan-kaɗan, a janye, a dawo, ga kuma bokitin ruwa zalla a gefe, wanda shi ma daga baya ya waiwaya ya nema da kansa. Kowane sabon haɗi sai an sake kurɓa, an sake cewa tofar. Shaƙuwar ta yi ta raguwa har ta ɓace ba wanda ya lura da lokacin. Amma Patricia ta ce ba za ta hau babur ba sai ta ga fitsari, shi ne zai nuna ruwan ya zaga.

Haka rabin lungun ya zauna gadin mafitsarar doki. Aka yi la'asar a gurguje aka dawo. Masu wucewa suka riƙa leƙowa suna tambaya ko ya yi, a ce tukuna. Wani ya kawo shawarar a yi masa fito. Rana ta yi sanyi, inuwar mangwaro ta kai bango, sannan Darakta ya taka gaba kaɗan, ya ware ƙafafu, ya ɗaga wutsiya. Ya daɗe yana yi. Wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa, Sadisu ya rungume Ndaceko yana yi masa barka kamar an yi masa haihuwa, ruwan kuma ya gangara ya bi ta ƙarƙashin tiren kifin da Aishat ta shanya, ta ɗage tiren kawai.

Kafin ta tafi Patricia ta nuna wa Aishat awon da cokalinta na miya: kaza ranar hutu, kaza ranar aiki, a ƙara in zafi ya tsananta. Ta ce kuma a daina jira sai an dawo gida, a riƙa shayar da shi a hanya da wurin biki, a cire masa kaya da zarar ango ya sauka.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya sauya rayuwar gidan. In za a shayar da doki ruwan gishiri a Bosso ko Chanchaga, dole gishiri ya je Bosso ko Chanchaga, kuma Aishat ba ta ga wanda za ta damƙa wa ƙullin ba. Don haka yanzu in an kira Ndaceko aiki, shi ne a gaba da ragama, Darakta a tsakiya, keke napep na biye a hankali da jarkoki biyu da Maman Farida a zaune, gishiri a ƙulle a bakin mayafi. In an isa sai ta auna, ya kurɓa, ta ce tofar, dokin ya shinshina. Mutane sun fara ɗauka wani sashe ne na bikin, har akwai masu ɗaukar hoto.

Kwanan baya a wani biki a Maitumbi ya kurɓa, aka jira tofi, sai aka ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya ce tari ne ya sarƙe shi. Aishat ta ƙulle gishirinta a natse, ta ce ba komai, dama tana lura kwanan nan Darakta ya fara shinshinar hannunta in tana awo, ba zai yi wuyar koyon karɓa daga bakinta ba, sai shi Baban Farida ya huta ya riƙa riƙe ragama kawai.

Tun daga ranar, in Ndaceko ya tofar, har makaɗa sai sun waiwayo.